LABARIN SAMUEL AJAYI CROWTHER, BAWAN DA ALHERIN ALLAH YA 'YANTA

Ya mai karatu, kai da ka ke zaune a Sabon Garin Jega, ko Aliero, ko Maiyama, ka san kasuwa sarai. Ka san ba a ɗaukar buhun albasa sai an biya, ba a kwance akuya daga turke sai an ƙirga kuɗinta. Saboda haka sa'ad da aka ce maka Allah yana ba da ceto kyauta, wataƙila zuciyarka ta yi shakka, ta ce ina aka taɓa ganin haka. Wannan kyauta ita ce Littafi Mai Tsarki ya ke kira alheri, watau tagomashin da Allah ya ke yi wa wanda bai cancanta ba. Domin ka gane ta, ga labarin wani mutum wanda aka taɓa yin cinikinsa a kasuwa kamar dabba, daga baya kuwa ya zama bishop na farko baƙar fata a cikin Ikilisiyar Ingila.

Yaron da aka musanya da doki

An haifi Ajayi wajen shekara ta 1809 a wani gari mai suna Osogun, cikin ƙasar Yarabawa. A shekara ta 1821, da hantsi, mahara masu farautar bayi suka kewaye garin, suka sa masa wuta. Aka kama Ajayi da uwarsa da ƙannensa mata, aka zura musu igiya a wuya. Ba a daɗe ba aka raba su. Maigidansa na fari ya musanya shi da doki, da dokin bai gamshe shi ba sai ya mayar, ya karɓi yaron. Daga nan aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu, har aka ba da shi a bakin taba da barasa. Baƙin ciki ya yi masa yawa har ya nemi ya shaƙe kansa ya huta, amma Allah bai yarda ba.

A ƙarshe aka kai shi Ikko, aka sayar wa Turawan Fotugal, suka ɗaure shi da sarƙa, suka zuba shi cikin jirgin ruwa tare da bayi da yawa domin a ƙetare teku da su. A watan Afrilu na 1822, tun jirgin bai yi nisa ba, sai jiragen yaƙi na Ingila, masu tsaron teku domin hana cinikin bayi, suka tare shi. Yaron bai san ceto ne ya zo ba. Da ya ga naman alade a rataye, ya kuma ga harsashin igwa a jere, sai ya zaci naman 'yan'uwansa ne da kawunansu. Ya ji tsoron masu cetonsa fiye da yadda ya ji tsoron masu sayensa.

Ka tsaya nan ka yi tunani. Me Ajayi ya biya aka kwance shi? Ko anini bai biya ba. Bai aika a kira jiragen nan ba, bai ma san akwai su ba. Haka Allah ya ke yi da mai zunubi. Manzo Bulus ya koya mana cikin wasiƙarsa zuwa ga Afisawa, sura ta 2, cewa muna matattu cikin laifofinmu Allah ya rayar da mu, ceton kuma baiwarsa ce, domin kada kowa ya yi fahariya da aikinsa. Sau da yawa kuma mutum ya kan guji Mai Ceto da fari, kamar yadda yaron nan ya firgita, gama bai san nufinsa ba tukuna.

'Yanci na biyu

Aka sauke su a Firitawun, ƙasar Saliyo, inda a ke zaunar da 'yantattun bayi. Masu mishan na ƙungiyar C.M.S. suka karɓe shi a ƙauyen Bathurst. Cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari, ya kuma koyi sassaƙa. A cikin karatun nan ya gane akwai wata bauta wadda ta fi ta igiya tsanani, ita ce bautar zunubi, jirgin yaƙi kuwa ba ya iya kwance ta. Ya ba da gaskiya ga Yesu Kristi, wanda ya mutu a kan gicciye domin ya fanshi masu zunubi, ya tashi kuma daga matattu. Ranar 11 ga Disamba, 1825, aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan Samuel Crowther. A 1827 ya shiga makarantar Fourah Bay, sunansa ne na fari a littafin ɗalibanta. Ya auri wata mace mai suna Asano, ita ma 'yantacciyar baiwa ce, wadda aka kira Susan bayan baftisma.

To, yanzu yana da ilimi, da gida, da aikin koyarwa. Wani a matsayinsa da ya zauna a Saliyo ya manta da ƙasar da aka sayar da shi. Amma alherin Allah ba ya barin mutum yadda ya same shi. Wanda ya sha ruwa a rijiyar da bai haƙa ba, ba ya jin daɗi ya ga ɗan'uwansa yana mutuwa da ƙishi.

Komawa inda aka cuce shi

A 1841 ya bi ayarin jiragen da gwamnatin Ingila ta aika su hau kogin Kwara, tare da wani mai mishan Bajamushe mai suna Schön, wanda ya himmantu ga koyon Hausa, ya kuma juya Bisharar Matiyu zuwa harshenmu. Zazzaɓi ya kashe Turawa wajen 40 a tafiyar nan. Daga nan shugabannin mishan suka gane 'yan ƙasa ne za su kai bishara cikin ƙasarsu. Aka naɗa Crowther limamin ikilisiya a Landan a 1843, ya komo ƙasar Yarabawa.

A Abekuta, a 1846, ya sadu da uwarsa bayan rabuwar shekara 25. Suka rungumi juna suna kuka. A 1848 aka yi mata baftisma, aka sa mata suna Hannatu. A cikin ƙasar nan akwai waɗanda suka ci riba da cinikin bayi, akwai kuma 'ya'yansu, amma bai nemi ramuwa a kan kowa ba. Ya zauna yana sauraron maganar tsofaffi da karin maganarsu, yana rubutawa, domin ya juya Maganar Allah zuwa Yarabanci mai daɗin ji. Ya kuma shirya littattafan koyon karatu da harshen Ibo da na Nufe.

A 1854 ya hau Binuwai tare da Likita Baikie. A 1857 ya kafa mishan a Anaca, jirginsu kuma ya fashe a kan duwatsu kusa da Jabba, ya daɗe a wurin yana koyon Nufanci maimakon ya zauna yana gunaguni. Ku mutanen Jega, wannan ba labarin nesa ba ne. Ruwan gulbin Zamfara da ya ke wucewa ta garinku yana gangarawa har ya shiga Kwara, ya bi ta Jabba da Lakwaja, inda mutumin nan ya yi wahala. Ƙasar Nufe kuwa a zamanin nan tana ƙarƙashin Gwandu ne.

Ranar 29 ga Yuni, 1864, aka keɓe shi bishop a babbar majami'ar Kantabari. A cikin taron akwai Leeke, shugaban jirgin da ya cece shi shekara 42 da suka wuce. Girman nan bai kumbura shi ba. Ya koma bakin kogi da tufafinsa marasa ado, yana shiga kwalekwale kamar kowa.

Zamansa da maƙwabta

Sabon mai bi, ka lura da yadda ya zauna da Musulmi, gama kai ma a tsakiyarsu ka ke, wataƙila ma iyayenka ne ko 'yan'uwanka. Ya kan je gaban sarakuna da ladabi, ya gaishe su yadda ya kamata. Ya yi abuta da Etsu Masaba na Bida. Idan an tambaye shi a kan bangaskiyarsa, ba ya ɓoye kome, ba ya kuwa zagin kowa. Ya kan buɗe Littafi ya karanta abin da ke rubuce, ya bar Maganar ta yi aikinta. Ya gargaɗi ma'aikatansa su guji gardama mai zafi, gama ba a taɓa jawo mutum wurin Allah da cin mutunci ba. Saboda amincinsa, sa'ad da barasar Turawa ta fara lalata ƙasar Nufe, Etsu Maliki ya aika da takarda da Hausa, yana roƙo a gaya wa Crowther ya taimaka a hana shigo da ita. Sarkin da ba addininsu ɗaya ba ya amince da shi kamar uba.

Gwaji mafi zafi

Kada ka zaci wanda ya karɓi alheri ya rabu da wahala. A 1867 wani basarake mai suna Abokko ya kama shi tare da ɗansa Dandeson a bakin Kwara, ya tsare su yana neman fansa, har wani Bature mai suna Fell ya rasa ransa wajen kuɓutar da su. Amma gwajin da ya fi wannan ciwo daga cikin gida ya fito. Sa'ad da ya tsufa, waɗansu samarin masu mishan suka zo daga Ingila da zafin kai. Gaskiya ne akwai ma'aikatan mishan da suka yi laifi, tsohon kuma ya fi son jan kunne da haƙuri bisa ga kora. Amma samarin nan suka raina aikin baƙaƙen fata ɗungum. A wani taro a Anaca a 1890 suka dakatar da ma'aikatansa a gabansa, har da ɗansa, suka ƙasƙantar da mutumin da ya haura shekara 80. Ya sauka daga shugabancin taron. Bai zage su ba, bai kuwa juya wa Ubangijinsa baya saboda halin bayinsa ba. Ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Ikko ranar 31 ga Disamba, 1891. A 2014, a majami'ar nan ta Kantabari, Babban Bishop Justin Welby ya furta a fili cewa an zalunce shi, ya nuna tuba saboda haka.

Ba mu ɓoye maka wannan ba, domin ka sani masu mishan ma masu zunubi ne, alheri ɗaya su ke bukata da kai. Idan wata rana ɗan'uwa cikin ikilisiya ya ɓata maka rai, kada ka ce hanyar ƙarya ce. Ba ga mutum ka ba da gaskiya ba, ga Kristi ne.

Abin da ya rage gare ka

Mutanenmu sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Alherin Allah ya fi haka, gama iri ne mai rai, inda ya faɗi sai ya tsiro. Ayyukan kirki ba su ne kuɗin ceto ba, 'ya'yansa ne. Crowther bai yi haƙuri domin Allah ya karɓe shi ba. Ya yi haƙuri domin an riga an karɓe shi, ya san bashin da aka yafe masa ya fi duk wanda ya ke bin mutane.

Saboda haka ka gwada kanka. Mudun da ka ke awo da shi a kasuwa, cikakke ne? Wanda ya daina gaishe ka tun ran da ka bi Yesu, kana gaishe shi? Akwai wanda ka riƙe a zuciya, ka ce ba za ka yafe masa ba har abada? Idan ka ga kāsawa, kada ka fid da zuciya, kada kuma ka ce za ka gyara kanka tukuna ka zo. Yaron nan da sarƙarsa aka same shi. Ka zo yadda ka ke, ka roƙi Allah cikin sunan Yesu Kristi ya gafarta maka, ya ba ka Ruhunsa Mai Tsarki. Shi wanda ya kwance Ajayi sau biyu yana da iko ya kwance ka, ya kuma riƙe ka har matuƙa. Amin.