Grace Hopper, Tsohuwar Sojan Ruwan Da Ta Ƙi Yarda A Ɓoye Ilimin Kwamfuta

A filinmu na tarihin mashahuran mutane yau za mu leƙa ƙasar Amurka ne, domin mu kawo muku labarin wata mata mai suna Grace Murray Hopper, wadda ta yi aikin sojan ruwa har ta kai shekara 79 tana sanye da kaki. Mai yiwuwa ɗan kasuwa ya ce ina ruwan biri da gada. To, akwai ruwansa, domin har yau manyan bankunan duniya da yawa suna riƙe da lissafin kuɗin jama'a ne da wani harshen kwamfuta da ake kira COBOL, kuma wannan mata na daga cikin waɗanda suka share hanyar samuwarsa. Amma abin da ya fi ɗaukar hankali a rayuwarta shi ne wani hali da ta ɗauko tun tana malamar makaranta: duk abin da ta gano sai ta rubuta shi, ta kuma tabbatar ya isa hannun wanda zai yi aiki da shi.

An haife ta a birnin Niyok ranar 9 ga watan Disamba na shekarar 1906, ita ce babba cikin ƴaƴa uku. Mahaifinta dillalin inshora ne, mahaifiyarta kuma mai sha'awar lissafi. Tun tana shekara bakwai aka san ta da bin ƙwaƙƙwafi, domin ta taɓa kwance agogo mai ƙararrawa don ta ga abin da ke cikinsa, da ta kasa mayar da shi sai ta bi sauran agogunan gidan, har ta kwance guda bakwai kafin mahaifiyarta ta farga. Ta samu digirin farko a fannin lissafi da kimiyyar fiziks a kwalejin mata ta Vassar a 1928, daga nan ta wuce jami'ar Yale inda ta kammala digirin dokta a lissafi a 1934, a zamanin da matan da ke kaiwa wannan matsayi ba su taka kara sun karya ba. A 1930 ta auri wani malamin adabi mai suna Vincent Hopper. Auren ya mutu a 1945, ba su haihu ba, amma ta ci gaba da amsa sunansa har ƙarshen rayuwarta.

Lokacin da take koyarwa a Vassar tana da wata al'ada da ɗalibanta ba su so. Takan sa su rubuta bayani da kalmomi a kan darasin lissafi, sannan ta duba har da kyawun rubutun. Idan suka yi ƙorafi cewa su lissafi suka zo koya, takan nuna musu cewa lissafin da mutum ba zai iya yi wa wani bayaninsa ba, ba shi da wani amfani.

Bayan da Japan ta kai hari a sansanin Pearl Harbor a watan Disamba na 1941, Amurka ta shiga yaƙin duniya na biyu, ita kuma ta nemi shiga soja. Aka ƙi ta. An ce shekarunta sun yi yawa, nauyinta kuma ya gaza ƙa'ida da kusan kilo 7, sannan hukuma na ganin malamin lissafi ya fi amfani a aji. Ta nace har aka ɗage mata ƙa'idar, ta yi rantsuwar shiga sashen ko-ta-kwana na rundunar sojan ruwa a watan Disamba na 1943, ta kuma fito ta ɗaya a ajinsu na horo a 1944. Sai aka tura ta jami'ar Harvard, ƙarƙashin wani hafsa mai zafin rai, Howard Aiken, wanda da farko bai ji daɗin an turo masa mace ba.

A can ta tarar da na'urar da ake kira Mark I. Kada mai karatu ya kawo kwamfutar da ake ɗorawa a cinya a ransa. Wannan tsawonta ya kai mita 15 da rabi, tsayinta ya haura mita 2, nauyinta ya fi tan 4, kuma da takarda mai huji-huji ake ba ta umarni. Sai ta ɗauki wajen daƙiƙa 6 kafin ta ninka lamba da lamba, abin da ƴar na'urar lissafin da ke kan teburin mai shago take yi kafin ƙiftawar ido. Duk da haka dare da rana take aiki, tana fitar da lissafin harba manyan bindigogin jiragen yaƙi da makamantansu. Masu iya sarrafa ta ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba, kuma ilimin duk a kawunansu yake. Aiken ya umarci Grace ta rubuta littafin yadda ake aiki da na'urar. Ta ce ba ta taɓa rubuta littafi ba, bai saurare ta ba, domin a gidan soja umarni umarni ne. Littafin ya fito a 1946 da shafi fiye da 500, kuma yana cikin littattafan farko a duniya da suka koyar da yadda ake tsara wa kwamfuta umarni.

A wannan ɗakin ne ta lura da wani abu da ya zama tushen aikinta na gaba. Kowane ma'aikaci yana da ɗan littafinsa inda yake adana guntayen umarnin da ya gwada ya ga sun yi aiki. Idan wani ya buƙaci irinsa, sai ya ari littafin ya kwafa da hannu, wajen kwafar kuma sai a yi kuskure, a ɓata yini ana neman inda aka kauce. Akwai kuma labarin da ya shahara na wani ƙwaro mai fiffike, irin mai bin fitila da dare, da ya maƙale cikin na'urar Mark II ranar 9 ga Satumba 1947. Ma'aikatan suka ciro shi suka manna a littafin rahoton aiki. Ba ita ta ciro shi ba, kuma Turawa sun daɗe suna kiran matsalar inji da sunan ƙwaro tun kafin ranar, amma ita ce ta yi ta ba da labarin har ya zagaya duniya.

A 1949 ta koma kamfanin Eckert da Mauchly a birnin Philadelphia, masu ƙera kwamfutar UNIVAC. Shekarun nan sun yi mata nauyi, marubucin tarihinta Kurt Beyer ya kawo cewa ta yi fama da shaye-shayen barasa har ƴan sanda suka taɓa kama ta a ƙarshen wannan shekara. Ta farfaɗo, a 1952 kuma ta fito da abin da ta kira A-0. Ɗan kasuwar kan iyaka zai fi kowa gane wannan aiki, domin tafinta ne. Kwamfuta lambobi kawai take ji, mutum kuma da kalmomi yake tunani, sai ta tsara wata manhaja da za ta tsaya a tsakani, ta tattaro guntayen umarnin nan da aka riga aka gwada ta harhaɗa su da kanta ba tare da kuskuren kwafa ba. Masana da yawa sun ƙi taɓa abin, suna ganin aikin kwamfuta bai wuce ƙidaya ba. Ba ta kula su ba, ta ci gaba har ta kai ga FLOW-MATIC, wanda akawun kamfani zai iya rubuta wa umarni da kalmomin Ingilishi na yau da kullum.

A watan Mayu na 1959 aka yi taro a ma'aikatar tsaron Amurka ta Pentagon, domin kowane kamfani yana da nasa harshen kwamfuta, kamar a ce kowane ɗan kasuwa ya zo da nasa mudu. Daga wannan taro aka samu COBOL. Gaskiyar magana ba ita ta zauna ta rubuta shi ba, wani kwamiti ne ya yi, cikinsu har da wata mata Jean Sammet, ita kuwa mai ba da shawara ce. Sai dai daga FLOW-MATIC ɗinta aka ɗebi mafi yawan tubalin. A watan Disamba na 1960 aka gwada umarni iri ɗaya a kan kwamfutar UNIVAC da ta kamfanin RCA, duka biyun suka yi aiki.

A ƙarshen 1966 rundunar ta yi mata ritaya saboda ta cika shekara 60. Ko shekara ba a yi ba, a watan Agusta na 1967, aka sake kiranta, wai aikin wata shida. Dalili kuwa shi ne sansanonin rundunar sun koma gidan jiya, kowanne da irin COBOL ɗinsa, abin da aka rubuta a nan ba ya aiki a can. Wata shidan nan sai da ya zama kusan shekara 19. Ita da ƴan ma'aikatanta suka tsara jarrabawar da kowane kamfani zai ci kafin a amince cewa COBOL ɗinsa na ƙa'ida ne, daga baya hukumar awo da ma'auni ta ƙasar ta karɓi aikin. A ofishinta ta rataye agogon da hannayensa ke juyawa ta hagu, domin ta nuna wa baƙo cewa don an saba yin abu ta hanya ɗaya ba shi ke nan babu wata hanyar ba.

Tun cikin shekarun 1970 take jan hankalin manyan hafsoshi cewa a daina dogara da ƙatuwar kwamfuta guda a hedkwata, a koma ga ƙanana da yawa masu magana da juna. A 1977 aka kafa wata hukuma mai suna NAVDAC don kula da harkar kwamfuta a rundunar, tana da cibiyoyi a garuruwa daban-daban, Grace kuma ta zama mai ba shugabanta shawara. Da ƙananan kwamfutocin suka fara shigowa a farkon shekarun 1980, sai tsohuwar matsalar ɗakin Harvard ta dawo, wannan karon a faɗin runduna guda mai jirage a tekuna daban-daban. Ƙaramin soja a jirgi zai kwana uku yana kokawa da wata matsala, alhali wani a wani sansani ya warware ta tun watan jiya, babu wanda ya san da wani. Ga shi soja ba ya daɗewa wuri ɗaya, bayan shekara biyu ko uku a yi masa canji, ya tafi da abin da ya sani. Ofisoshi kuma kowanne na sayen na'urar da ta yi masa, a kashe kuɗin gwamnati a kan kayan da ba sa jituwa.

A 1982 cibiyar da ke Norfolk a jihar Virginia, inda babban sansanin jiragen yaƙin Amurka yake, ta fara buga wata ƴar jaridar cikin gida mai suna Chips Ahoy. Sunan wasa ne da kalmomi, an haɗa sunan ƴan ƙwayoyin lantarkin da ke cikin kwamfuta da kiran da matuƙan jirgin ruwa ke yi idan sun hango wani jirgi. Aikinta shi ne ta kai wa ma'aikaci abin da ɗan'uwansa ya gano: wace na'ura aka gwada, wace dabara ce ta yi aiki, ta wace kwangila ofis zai bi ya sayi kaya. Ma'aikatan Norfolk ne ke shirya ta, Grace ba editarta ba ce. Amma tana cikin manyan da suka tsaya wa matasan wannan cibiya, takan kuma halarci tarukan da suke shiryawa kan ƙananan kwamfutoci ta yi jawabi. A ganina wannan tsayawar ba ƙaramin abu ba ce, domin a gidan soja labari daga sama yake gangarowa ƙasa, jaridar da za ta bar ƙaramin ma'aikaci ya koya wa na gaba da shi abu kuwa tana buƙatar mai gindi a bayanta.

A wannan jarida ce, fitowar watan Yuli na 1986, aka buga wata doguwar hira da ita, wadda har yau masu bincike ke komawa gare ta. A ciki ta shawarci matasa cewa idan sun ga abu mai amfani su aikata, domin ba da haƙuri daga baya ya fi sauƙi a kan jiran izinin da ba lalle ya zo ba. Daga baya aka gajarta sunan jaridar ya koma CHIPS, ta girma ta zama mujallar fasahar sadarwa ta ma'aikatar sojan ruwa baki ɗaya.

Ita kanta kusan jarida ce mai tafiya da ƙafa, domin ta shafe shekarunta na ƙarshe tana yawon lacca a sansanoni da makarantu. Takan zo da guntayen waya a jakarta, kowanne tsawonsa kusan santimita 30, ta rarraba wa mutane. Wannan shi ne iyakar nisan da haske ko saƙon lantarki zai iya ci a cikin kashi ɗaya daga biliyan ɗaya na daƙiƙa. Idan babban hafsa ya tambaye ta me ya sa saƙo ta tauraron ɗan'adam yake jinkiri, sai ta ɗaga guntun wayar ta ce ya ƙiyasta guda nawa za a jera daga ƙasa zuwa can sama. Tana kuma da wani nannaɗaɗɗen waya mai tsawon kusan mita 300, na kashi ɗaya daga miliyan na daƙiƙa, wanda take nuna wa masu rubuta manhaja don su ga abin da suke zubarwa idan sun yi sakaci.

Ta zama kyaftin a 1973, aka ƙara mata girma a 1983 zuwa muƙamin da tun 1985 ake kira Riya Admiral. Ranar 14 ga Agusta 1986 aka yi bikin ritayarta ta ƙarshe a kan tsohon jirgin yaƙi USS Constitution a Boston, a lokacin ita ce hafsa mafi tsufa da ke bakin aiki a rundunar. Ba ta zauna ba, kamfanin Digital Equipment ya ɗauke ta mai ba da shawara. Ta rasu ranar 1 ga Janairu 1992 tana da shekara 85, aka binne ta a maƙabartar sojoji ta Arlington. An sa wa wani jirgin yaƙi sunanta, ya fara aiki a 1997, shugaba Barack Obama kuma ya ba ta lambar yabo mafi girma ta farar hula a 2016.

Akwai wata lacca da ta gabatar wa ma'aikatan hukumar leƙen asirin sadarwa ta Amurka, NSA, a watan Agusta na 1982, aka ɗauke ta a wani irin kaset na bidiyo. Shekaru suka shuɗe, da aka nemi a fito da ita sai hukumar ta ce ba ta da sauran na'urar da za ta iya kunna wannan kaset. Sai da aka nemi taimakon hukumar adana kayan tarihi ta ƙasar kafin a kwafo ta, aka sake ta ga jama'a a watan Agusta na 2024, shekara 42 bayan ta yi jawabin.