Hubert Ogunde: Ɗan Sandan Da Ya Ajiye Kaki Ya Kama Wasan Kwaikwayo

'Yan'uwanmu da suka daɗe a Ikko ko Badun ba za su rasa jin sunan Ogunde a bakin maƙwabtansu Yarabawa ba. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa mutumin nan ya sha artabu da hukuma a Jos da Kano, tun zamanin Turawa.

An haifi Hubert Ogunde a shekarar 1916 a garin Ososa, kusa da Ijebu-Ode. Ubansa malamin coci ne, kakansa na wajen uwa kuwa bokan Ifa ne, watau addinin gargajiya na Yarabawa. Saboda haka yaron ya tashi yana jin waƙoƙin coci a gida ɗaya, kiɗan gargajiya a ɗaya gidan, kuma duka biyun ya zuba su cikin sana'arsa daga baya. Ya fara da koyarwa a makaranta, sa'an nan ya shiga aikin ɗan sanda a 1941.

Yana cikin kaki ne a Ebute-Metta wata coci ta roƙe shi ya shirya mata wasa don neman kuɗin gini. Aka nuna wasan a Glover Hall ta Ikko a 1944, labarin Adamu da Hauwa'u ne cikin waƙa da rawa. Jama'a suka yaba ƙwarai. A 1945 sai ya ajiye aiki ya kafa ƙungiyarsa. To, mai karatu ya tuna, a wancan lokaci ba wanda ya taɓa jin an bar albashin gwamnati don a ci abinci da wasa. Iyaye kuma ba sa yarda 'ya'yansu mata su hau dandali, ganinsu aikin marasa kunya ne, kamar dai yadda namu iyayen suke gani. Dabarar da ya yi ita ce ya riƙa auren matan da ke yi masa wasa, har gidansa da ƙungiyarsa suka zama abu guda. Kowa da abin da zai ce game da wannan dabara, amma da ita ƙungiyar ta rayu shekara arba'in da ɗoriya.

Ba a daɗe ba ya bar labaran Littafi ya juya kan abin da ke damun talaka. A 1945 ma'aikatan ƙasar nan suka yi babban yajin aiki na fiye da wata guda suna neman ƙarin albashi saboda tsadar kaya bayan yaƙin Hitila. Ogunde ya mai da wannan wasa, ya sa masa suna Strike and Hunger, watau yajin aiki da yunwa. Ya ɗora jama'arsa da kayansu a mota ya yi ta bin garuruwa, da ya isa Jos a 1946 hukuma ta hana wasan, ta ci shi tara. A watan Nuwamba 1949 kuma 'yan sanda suka harbe ma'aikatan haƙar kwal 21 a Inugu. Ya sake yin wasa a kan wannan, mai suna Bread and Bullet, wanda aka hana nunawa a Kano a 1951. Tsohon ɗan sanda ke nan, ga shi hukuma ce ke hana shi nuna wasanninsa.

Wanda ya fi yi masa ciwo kuwa ba daga Bature ya fito ba. Bayan samun mulkin kai rikici ya ɓarke a Jihar Yamma tsakanin Cif Awolowo da Cif Akintola, har aka ɗaure Awolowo a 1963. A 1964 Ogunde ya nuna Yoruba Ronu a Badun, ma'anar sunan ita ce Yarabawa su yi tunani. Labarin wani sarki ne da mataimakinsa ya ci amanarsa ya miƙa shi ga abokan gaba. Firimiya Akintola yana zaune a ɗakin. Ya gane inda aka dosa, ya tashi ya fita tun wasa bai ƙare ba, gwamnatinsa kuma ta hana ƙungiyar Ogunde yin wasa ko'ina a Jihar Yamma.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya. Akintola abokin tafiyar Sardauna ne a siyasa, don haka da yawa daga mutanenmu ba su ji tausayin Ogunde ba a lokacin, kuma wasan nasa lalle ya ɗauki ɓangare. Duk da haka, hana mutum neman abinci a tsakiyar masu jin harshensa saboda ya ba da labarin sarki da mataimaki ba ƙaramin zalunci ba ne. Ya tsira ne don Ikko tana hannun Gwamnatin Tarayya, a nan ya yi ramuwa da wani wasan, Otito Koro, watau gaskiya ɗaci gare ta. Sai a 1966 Gwamnan soja Laftana-Kanar Fajuyi ya ɗage hanin.

Daga nan ɗaukaka ta zo. Ya wakilci Nijeriya a babban bajekolin Montreal ta ƙasar Kanada a 1967. Da ya ga sinima tana janye masa 'yan kallo sai ya bi ta can, ya fitar da fim ɗinsa Aiye a 1979 da Jaiyesimi a 1980, dukansu kan mayu da masu yaƙi da su. A 1986 Gwamnatin Tarayya ta ɗora masa aikin haɗa ƙungiyar wasanni ta ƙasa, ya zaɓo 'yan rawa da makaɗa daga jihohi daban-daban.

Aikinsa na ƙarshe shi ne fim ɗin Turawa mai suna Mister Johnson, wanda aka ciro daga littafin Joyce Cary, wani Bature da ya taɓa aikin mulki a ƙasar Borgu. A yankin Jos aka ɗauki fim ɗin, can inda aka fara cin sa tara. Ciwo ya kama shi, aka kai shi asibiti a London, ya rasu ran 4 ga Afrilu 1990, yana da shekara 73. An mai da gidansa na Ososa gidan tarihi, inda aka ajiye gangunansa da tufafin wasansa.