Marigayi Sarkin Katsina Usman Nagogo, Gwanin Ƙwallon Dawaki

Ran 18 ga watan Maris, 1981, Allah ya yi wa Sarkin Katsina, Alhaji Sa Usman Nagogo, rasuwa bayan ya yi shekara 37 a kan gadon sarauta. Masu tarihi sun sa shi cikin jerin manyan sarakunan Arewa na zamaninsa, sun kuma ambace shi cikin 'yan Arewa na farko da suka riƙe muƙamin minista a Ikko. Amma akwai wani fage da ya yi suna a cikinsa da ƙarfin damtsensa da sanin dokinsa, watau fagen ƙwallon dawaki, wanda ake kira folo. Labarin wannan fage shi ne za mu bayar a yau.

Ɗaliban da suka taɓa riƙe sandar hoki a filin makaranta ba za su sha wuyar gane folo ba, domin 'yan uwan juna ne. A hoki mutum da ƙafarsa yake gudu yana kora ƙwallo da sanda. A ƙasashe masu tsananin sanyi irin su Kanada a kan ƙanƙara ake yin sa, 'yan wasa suna sulɓi da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa. A folo kuwa doki ne ƙafar ɗan wasa. Wasan ya samo asali daga ƙasar Farisa tun zamanin da, sa'an nan Turawan Ingila suka tarar da shi a Indiya cikin ƙarni na 19, suka tsara masa dokoki, suka yi ta kai shi duk ƙasar da suka mallaka.

Sa'ad da folo ya iso ƙasar Hausa, ya tarar da mutanen da suka daɗe da sanin doki. Da doki aka yi yaƙe-yaƙen Katsina da Gobir da Kano, kuma barade masu lifidi da sulke su ne ƙarfin kowace masarauta. Haka abin ya ci gaba bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda yake kwance a Hubbare a birnin Sakkwato, shi ne kuwa ya ba Ummarun Dallaje tutar Katsina. To, a cikin shekarar 1903 Turawa suka ci Kano da Sakkwato, Katsina kuma ta miƙa wuya ba tare da an gwabza ba. Daga nan yaƙi ya ƙare wa doki. Abin da ya rage masa shi ne hawan salla da sukuwa da rakiyar hakimi rangadi, kuma ba a daɗe ba mota ta zo ta karɓe rangadin.

A cikin wannan zamani aka haifi Usman Nagogo a Katsina, a shekarar 1905. Mahaifinsa shi ne Muhammadu Dikko, Basullube, wanda yake riƙe da sarautar Durɓin Katsina a lokacin. A cikin 1906, shekarar da aka yi tawayen Satiru kusa da Sakkwato, Turawa suka tuɓe Sarki Yero na gidan Dallazawa suka ɗora Dikko. Saboda haka Nagogo ya buɗi ido ya ga kansa a gidan sarautar da ba ta daɗe da kafuwa ba, wadda dole ta nuna wa Katsinawa da Turawa duka cewa ta cancanta. Ya fara da karatun allo kamar kowane yaro, daga baya aka sa shi makarantar lardi ta Katsina. A cikin 1921 mahaifinsa ya tashi zuwa aikin hajji ta hanyar Ingila, ya tafi da shi, har suka gana da Sarkin Ingila Joji na Biyar. Yaro ɗan shekara 16 ke nan ya ga teku, ya ga Landan, abin da 'yan Arewa kaɗan ƙwarai suka gani a wancan lokaci.

Sarki Dikko mutum ne mai son doki matuƙa. Hafsoshin sojan Turawa sun riga sun fara folo a Ikko tun 1904, sun kuma kafa kulob a Kaduna a 1918, amma wasan nasu ne su kaɗai, baƙar fata sai dai ya riƙe linzami ko ya yanko ciyawa. Dikko ya duba ya ga ba abin da ake bukata a wasan nan wanda Katsinawa ba su da shi. Sai ya sa aka share fili a Katsina, ya tara 'ya'yansa da bayin sarki da sauran mahaya, ya sa su koyo. Cikin waɗannan samari Nagogo ya yi fice.

Ya kamata mai karatu ya san nauyin wasan kafin ya gane girman wannan fice. Mahaya huɗu ne a kowane gefe, filin kuwa yadi 300 ne tsawonsa, watau ya ninka filin ƙwallon ƙafa kusan sau uku. Ana yin wasan zango-zango, kowane zango minti 7, kuma saboda tsananin gudu akan sauya doki bayan kowane zango. Ɗan wasa yana riƙe linzami da hagu, doguwar sanda mai kan katako da dama, ya sunkuya daga sirdi doki yana sukuwa, ya bugi ƙwallon da bai fi lemo girma ba. Akwai kuma doka mai tsanani game da hanyar ƙwallo: wanda yake bin layin da ƙwallo ya bi shi ke da hanya, ba a gitta masa, domin karon dawaki biyu a guje yana iya kashe mutum. Ana bukatar doki mai jin linzami, wanda zai tsaya cak ya juya nan take, ba ya tsoron sanda, ba ya tsoron kafaɗar ɗan uwansa. Irin wannan doki ba a saye shi a kasuwa a hau, sai an yi watanni ana horar da shi safe da yamma.

Har wa yau, folo yana da wata al'ada ta auna gwaninta. Kowane ɗan wasa ana ba shi maki, tun daga 2 ƙasa da sifiri ga sabon shiga, har zuwa 10 ga wanda ba na biyunsa. Kwamitin masana ne yake yanke makin, bayan ya duba hawan mutum da bugunsa da yadda yake haɗa kai da abokan wasansa, kuma ana sake dubawa lokaci lokaci, wanda ya yi sanyi a rage masa. Yawancin masu wasan a duniya ba su wuce maki 2, masu 10 kuwa 'yan ƙalilan ne, galibinsu mutanen Ajantina. Usman Nagogo ya kai maki 7, kuma har yau ana ambaton wannan a matsayin ƙololuwar da ɗan Nijeriya ya taka. Ya kai nan ne a kan dawakin ƙasarmu, waɗanda ake ciyar da su da dawa da harawa da dusa da kanwa.

Babban taron folo na Arewa a Kaduna ake yin sa, babban kofinsa kuwa shi ne Kofin Jojiyan, wani tsohon kofin azurfa da ƙungiyoyi mafi gwaninta suke takara a kansa. Ƙungiyar Katsina, Nagogo yana cikinta, ta sha karawa da ƙungiyoyin hafsoshin Turawa, ta kuma sha ɗaukar kofin zuwa gida. A tuna fa zamani ne da Razdan da Di'o suke da ta cewa a kan kowane al'amari na ƙasa. Filin folo yana cikin wurare kaɗan da Bahaushe da Bature suke tsayawa a ƙarƙashin doka ɗaya, alƙali ɗaya, wanda ya fi a gani da ido. Talakan da ya tsaya a bakin fili ya ga ɗan sarkinsa ya ture hafsan soja ya wuce da ƙwallo, ya koma gida da abin da zai daɗe yana tunawa.

Wasan bai hana shi aiki ba. A cikin 1929 aka naɗa shi Wakilin Doka, watau shugaban 'yan dokar En'e ta Katsina, a 1937 kuma ya zama Magajin Gari. Da Allah ya yi wa Sarki Dikko rasuwa a 1944, sai ya gaje shi. Yaƙin Duniya na Biyu yana ci a lokacin, dubban samarin Arewa suna fagen daga a ƙasar Bama suna fama da sojan Japan, sabon Sarki kuwa ya yi tattaki har Indiya da Bama ya gaishe su ya ƙarfafa musu gwiwa. A 1952 ya shiga Majalisar Ministoci ta tsakiya a Ikko tare da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Muhammadu Ribaɗu da Shettima Kashim, daga baya kuma ya zama minista a Gwamnatin Jihar Arewa, yana kuma zama a Majalisar Sarakuna a Kaduna.

Amma ikon da muƙami ya bayar, zamani yana iya karɓewa. Bayan juyin mulkin 1966 aka raba Jihar Arewa, aka karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun sarakuna, har rundunar da shi kansa ya taɓa shugabanta aka haɗe ta da 'yan sandan Nijeriya. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa abin da ya saura na mulkin En'e. Nagogo ya ga duk wannan da idonsa, ya haƙura, ya ci gaba da riƙe jama'arsa da mutunci. Sunan da ya yi a fili kuwa babu dokar soja da ta taɓa shi, ya kuma zauna shugaban Ƙungiyar Folo ta Nijeriya har ƙarshen ransa.

Ya bar magada a sirdi kamar yadda ya bari a fada. Ɗansa Manjo Janar Hassan Usman Katsina, wanda ya yi Gwamnan soja na Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967, sanannen ɗan folo ne har ya rasu a 1995. Haka kuma Muhammadu Kabir Usman, wanda ya gaji sarautar daga 1981 zuwa 2008. Wasan ya bazu zuwa Kano da Zariya da Sakkwato da sauran birane, sai dai ya zama na masu hannu da shuni, manyan ƙungiyoyi kuwa dawakin Ajantina suke saye da kuɗi masu yawa. Dokin gida, wanda Nagogo ya ci kofi a kansa, an bar shi baya, kiwonsa da horonsa suna ta raguwa.

Ma'aikaci da ɗalibi suna da abin dubawa a nan. Ɗan sarki yana iya gadon rawani da barga cike da dawaki, amma maki 7 ba a gadonsa, sai an fāɗi an tashi, an jure wa rana da ƙura shekara da shekaru. Allah ya jiƙan Sarki Usman Nagogo, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.