Giorgio La Pira: Magajin garin da jama'a suka so, kansiloli suka kayar

A ƙarshen shekarar 1953 masu masana'antar Pignone da ke birnin Florence na ƙasar Italiya suka yanke shawarar rufe ta, ma'aikata kusan dubu biyu suka wayi gari ba su san makomarsu ba. Suka mamaye harabar masana'antar, suka ƙi fita. Magajin garin birnin, Giorgio La Pira, bai tura musu 'yan sanda ba. Da ƙafarsa ya je ya same su, sa'an nan ya yi ta kai gwauro yana kai mari tsakanin ministoci a birnin Rum, har ya shawo kan Enrico Mattei, shugaban kamfanin man gwamnati na ENI, ya karɓi masana'antar. A 1954 aka sake buɗe ta da sunan Nuovo Pignone.

An haifi La Pira ranar 9 ga Janairun 1904 a Pozzallo, wani ƙaramin gari na bakin teku a tsibirin Sisili. Ya karanci shari'a, ya zama farfesan dokokin tsohuwar daular Rum a Jami'ar Florence. Mutum ne mai tsananin riƙo da addininsa na Katolika. Bai yi aure ba, ya daɗe yana kwana a wani ɗan ɗaki cikin gidan ibada na San Marco, albashinsa kuwa talakawa ne suka fi shi cin moriyarsa. Gwamnatin Mussolini ta rufe mujallarsa mai suna Principi a 1940, kuma a 1943 sai da ya gudu daga birnin. Bayan yaƙi yana cikin waɗanda suka tsara kundin tsarin mulkin Italiya.

A zaɓen ƙananan hukumomi na 1951 jam'iyyarsa ta Kiristoci masu ra'ayin dimokuraɗiyya ta tsayar da shi domin ƙwace Florence daga hannun ɗan kwaminisanci Mario Fabiani. A wancan zamani jama'a ba sa zaɓen magajin gari kai tsaye. Kansiloli suke zaɓa, su kuma kansiloli su fitar da magajin gari daga cikinsu, su sauke shi ranar da suka ga dama. Dokar zaɓe ta lokacin tana bai wa ƙawancen da ya zo na ɗaya kashi biyu cikin uku na kujeru, saboda haka La Pira ya shiga fadar Palazzo Vecchio da ƙarfinsa.

Birnin da ya gada bai warke daga yaƙi ba. Sojojin Jamus sun rusa gadojin kogin Arno a 1944, sai Ponte Vecchio kaɗai suka bari, ga kuma iyalai da masu gidajen haya ke kora. Ya roƙi masu gidajen da ke kulle su bai wa hukuma haya, suka yi kunnen uwar shegu. Nan ne karatun shari'a ya yi masa rana: ya tono wata doka ta 1865 da ta halatta wa hukuma karɓar kadara idan buƙatar jama'a ta tsananta, ya buɗe gidajen ya zuba marasa matsuguni. A 1954 aka fara raba makullan sabuwar unguwar Isolotto. 'Yan makaranta kuma suka riƙa samun madara.

Ba kowa abin ya yi wa daɗi ba. Masu dukiya suka kai ƙara, jaridu suka kira shi ɗan kwaminisancin da ya ɓuya a coci, har Luigi Sturzo, dattijon siyasar 'yan Katolika, ya soki yadda yake tura hannun gwamnati cikin kasuwanci. Sukar tana da makama, domin wanda aka karɓe wa gida shi ma yana da haƙƙi, baitulmalin birni kuwa ba rijiya ba ce.

Zaɓen 1956 shi ya nuna inda gizo ke saƙar. Ƙuri'un La Pira sun ƙaru ƙwarai, amma an riga an sauya doka, an koma raba kujeru gwargwadon ƙuri'a, rinjayensa a majalisa ya ɓace. Da kansiloli suka kaɗa ƙuri'a sai aka yi kunnen doki, girman shekaru ne ya ba shi kujerar. Tafiyar ba ta yi nisa ba. A 1957 ya yi murabus, birnin ya koma hannun kantoman da aka naɗa, har sai 1961 da ya dawo bisa ƙawance da 'yan gurguzu masu sassauci.

Ya kuma ɗauki ofishinsa fiye da batun ruwa da shara. A 1955 ya tara magadan manyan biranen duniya, har da na Mosko, ana tsakiyar yaƙin cacar baka. Daga 1958 ya riƙa kiran tarukan ƙasashen Bahar Rum, inda Larabawa da Yahudawa ke zama a zaure ɗaya, ya kuma ƙulla abota tsakanin Florence da birnin Fas na Maroko.

Bayan zaɓen 1964 jam'iyyu suka sake zama suka yi ciniki, a farkon 1965 kujerar ta koma hannun Lelio Lagorio. A Nuwamban shekarar, bayan ya bar kujerar magajin gari, ya tafi Hanoi ya gana da Ho Chi Minh kan yaƙin Biyetnam, sai dai shawarar sulhun da ya kawo ta ruguje bayan labarin ya fita a jaridun Amurka.

Ya rasu ranar 5 ga Nuwamban 1977. Sai a 1993, shekara 16 bayan rasuwarsa, Italiya ta kafa dokar da ta bai wa jama'a ikon zaɓen magajin gari da kansu. Kabarinsa yanzu yana cocin San Marco.