Brahmagupta, gwanin lissafi

An haifi Brahmagupta a ƙasar Indiya a shekara ta 598. Ya zauna a garin Bilamala. Masanin taurari ne, kuma gwanin lissafi. A shekara ta 628, yana da shekara 30, ya rubuta wani babban littafi cikin waƙe.

A littafin ya yi bayanin lambobin da ke ƙasa da sifiri. Ya kira su bashi. Na bisa da sifiri kuwa ya kira su dukiya.

Ga misali. Wani mai saida albasa a kasuwar Madawa yana da dala 30, ana bin shi dala 50. Ya ba da abin da ke hannunshi, saura bashin dala 20: 30 − 50 = −20. Ya ƙara cin bashin dala 10, bashi ya hau bisa bashi: (−20) + (−10) = −30. Aka yafe mashi dala 10, bashi ya ragu: (−30) − (−10) = −20. Ashe ɗebe bashi daidai yake da ƙara dukiya.

Brahmagupta ya nuna bashi sau dukiya bashi ne, amma bashi sau bashi dukiya ne: (−3) × (−4) = 12. Rabawa ma haka take.

Ya rasu bayan shekara ta 665. Daga baya aka juya littafinshi zuwa Larabci a Bagadaza. Har yau da waɗannan ƙa'idodi ƴan makaranta suke lissafi.