Timothy Hackworth: Maƙerin da ya rage wa direbobin jirgin ƙasa fargabar fashewar tukunya

A farkon zamanin jirgin ƙasa, babu abin da direba ke tsoro kamar tukunyar injinsa. Kwal ake ƙonawa a tafasa ruwa, tururin kuma ya juya ƙafafun jirgi. Idan tururin ya fi ƙarfin tukunyar, sai ta tarwatse ta hallaka na kusa. Cikin waɗanda suka fara neman maganin wannan hatsari akwai Timothy Hackworth.

An haife shi ranar 22 ga Disamban 1786 a ƙauyen Wylam da ke arewa maso gabashin Ingila. Mahaifinsa shi ne shugaban maƙera a mahaƙar kwal ta ƙauyen, shi ma daga baya ya riƙe wannan muƙami. A nan ya taimaka wajen ƙera Puffing Billy, ɗaya daga cikin injinan jirgi na farko a duniya. Mutum ne mai riƙo da addini, har ya ajiye aikin saboda ya ƙi yarda ya yi aiki ranar Lahadi.

A 1825 aka damƙa masa kula da injinan layin dogo na Stockton zuwa Darlington. A lokacin, bawul ɗin da ke sakin tururi idan ya yi yawa, wani ƙarfe mai nauyi ne ke danne shi. Da jirgi ya fara tsalle a kan dogo sai ƙarfen ya riƙa ɗagawa, tururi na zurarewa a banza. Don haka wasu direbobi suka koma ɗaure shi, su samu ƙarin ƙarfi.

Hackworth ya sauya wannan tsari. Injin da ya ƙera a 1827, Royal George, ya samu bawul mai sifirin, wanda jijjigar hanya ba ta buɗe shi, sai dai ƙarfin tururi. Hakan ya rage wa direba dalilin ɗaure shi.

Ranar 1 ga Yulin 1828 aka ga illar tsohon tsarin. Tukunyar Locomotion, injin da ya buɗe layin, ta fashe a tashar Aycliffe Lane bayan an ɗaure bawul ɗinta, direbanta John Cree ya rasa ransa. Hackworth ne ya sake gina injin.

Bai samu suna kamar George Stephenson da ɗansa Robert ba. A gasar Rainhill ta 1829, injinsa Sans Pareil ya samu matsala, Rocket na su Stephenson ya yi nasara. Duk da haka, injinan da ya ƙera sun kai har Rasha a 1836, da Kanada bayan nan.

Ya rasu ranar 7 ga Yulin 1850 a garin Shildon yana da shekara 63. Gidansa na nan har yau, a harabar gidan tarihin jiragen ƙasa na garin.