Josephine Bakhita: Baiwar da aka yi wa tsaga 114, Allah bai manta da ita ba

Akwai wata tambaya da ke yawan tasowa a taron matasa da na zumuntar mata a ikkilisiyoyinmu na ƙasar Gumel, tun daga Gumel ɗin kanta har Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Tambayar ita ce, ko ya halatta mai bi ya yi zane a jikinsa? Sai ka ga saurayi ya komo daga birni da hoton gicciye a damtse, dattawa suna ta gunaguni. Ga kuma tsohuwar da wanzami ya yi wa jarfa tun tana budurwa, da zarar an karanta Littafin Firistoci 19:28 sai ta ja mayafi ta rufe wuya. Kafin mu ce uffan a kan wannan, bari mu kawo labarin wata mace wadda aka zane jikinta ba da sonta ba.

An haife ta wajen shekarar 1869 a ƙauyen Olgossa cikin ƙasar Darfur ta Sudan, cikin kabilar Daju. Mahaifinta ɗan'uwan dagacin garin ne. Darfur ba baƙuwar ƙasa ba ce gare mu, gama ta nan ne hanyar alhazan ƙasa ta bi, daga ƙasar Hausa zuwa Barno da Wadai da El-Obeid har bakin Bahar Maliya, kuma har yau akwai Hausawa da yawa a Sudan. Ba ta kai shekara goma ba masu farautar bayi suka sace ta, kamar yadda suka sace yayarta tun da fari. Tsananin firgita ya sa ta manta da sunan da iyayenta suka raɗa mata, har ta mutu kuwa ba ta tuna shi ba. Waɗanda suka kama ta ne suka sa mata Bakhita, watau mai sa'a da Larabci.

Aka kora ta a ƙasa, ba takalmi, har El-Obeid, ana sayar da ita daga hannu zuwa hannu. A wani gida ɗan maigidan ya yi mata dukan da ya kwantar da ita fiye da wata guda. Daga nan ta faɗa hannun wani hafsan sojan Turkawa, a gidansa ne kuma ta gamu da abin da ta ce ya fi kome ciwo a zamanta na bauta. Uwargidan ta sa aka kirawo wata mai tsaga, ta zo da ƙwaryar farin gari da ƙwaryar gishiri da aska. Da garin ta fara fitar da zanen a kan fata, sa'an nan ta bi shi da aska, sa'an nan aka cusa gishiri a cikin raunukan domin tabon ya tashi sosai. Tsaga 114 aka yi mata a ƙirji da ciki da hannun dama. Mu nan mun san tsagar gado wadda ke nuna gidan da mutum ya fito, mun kuma san jarfa ta ado. Wannan ba ɗaya daga cikinsu ba ce. Ta fi kama da shaidar da muke gani a jikin raƙuma ran Alhamis a kasuwar Maigatari, wadda ke cewa dabbar nan tana da mai ita.

Da mayaƙan Mahadi suka matsa wa El-Obeid a 1882, hafsan ya kwashe iyalinsa ya nufi Khartum. A can ne a 1883 ƙaramin jakadan Italiya, Callisto Legnani, ya saye ta. Shi ne na farko da bai taɓa ɗaga mata bulala ba. Da zai koma gida ta roƙe shi ya tafi da ita. Suka bi ta Sawakin, suka sauka a Jenowa a 1885. Aka ba da ita ga iyalin abokinsa Augusto Michieli, ta zama mai renon 'yarsu Mimmina a kusa da birnin Venis. Wakilin gidan, Illuminato Checchini, shi ya ba ta wani ɗan gicciye na azurfa, ya gaya mata Yesu ya mutu dominta. Mace mai tabo a jiki ta dubi hoton wanda aka yi wa bulala aka huda masa hannu, aka ce mata Ɗan Allah ne.

A 1888 uwargidan Michieli za ta tafi Sawakin inda mijinta ya sayi otal, sai ta bar Bakhita da yarinyar a hannun sistocin Canossa a Venis. Nan ta koyi bishara. Ta ce tun tana ƙarama takan dubi rana da wata da taurari tana tambayar kanta wane ne mai su, yanzu ta san shi. Da uwargidan ta komo ɗaukarta, sai Bakhita ta ƙi tafiya. Wannan ne karo na farko a rayuwarta da ta ce a'a. Magana ta kai gaban hukuma, ran 29 ga Nuwamba 1889 aka yanke cewa dokar Italiya ba ta san bauta ba, saboda haka ita 'ya ce. Ran 9 ga Janairu 1890 aka yi mata baftisma da sunan Josephine. Ta shiga horon zama sista a 1893, ta ɗauki alkawari ran 8 ga Disamba 1896.

Daga 1902 ta zauna a garin Schio, tana girki, tana gyaran ɗakin sujada, tana tsaron ƙofa. Ba ta riƙe wani babban muƙami ba, amma mutanen garin suka ɗauke ta uwa. Takan kira Allah da kalmar da talakawan yankin ke kiran maigida. Mu Hausawa ba za mu sha wuyar gane wannan ba, gama kalmarmu ta Ubangiji ma daga uban gida ta fito. Ta yi iyayengiji da yawa masu bulala, a ƙarshe ta sami wanda aka yi wa bulala dominta. Ta sha faɗa cewa da za ta gamu da waɗanda suka sace ta da waɗanda suka azabtar da ita, da ta durƙusa ta sumbaci hannuwansu, domin ta wannan hanya ce ta san Almasihu. Ta rasu ran 8 ga Fabrairu 1947. Paparoma John Paul na Biyu ya sa ta cikin tsarkaka ran 1 ga Oktoba 2000. Tsagar nan 114 kuwa baftisma ba ta shafe ta ba, da ita aka binne ta.

To, mu komo ga tambayarmu. Masu bi sun rabu a kan ayar Littafin Firistoci. Waɗansu suna ganin hani ne har abada. Waɗansu suna cewa an ba Isra'ila ita ne domin kada su kwaikwayi al'umman da ke tsaga jiki saboda matattu, kuma a sura ɗaya take da dokar gemu da ta tufa mai zare iri biyu. Kiristocin Masar ma sun daɗe suna zana ɗan gicciye a wuyan hannu, shaida ce ta bangaskiyarsu. Shawararmu ga matasa ita ce su tuna jiki haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, kada kuma su zama abin tuntuɓe ga ɗan'uwa. Jariri kuwa kada a sa masa aska, dokar tarayya ta kare haƙƙin yara ta 2003 ma ta hana.

Amma wanda ya riga ya ɗauki tsaga ko jarfa ko zane, kada kunya ta hana shi matsowa gaba a ikkilisiya. A Ishaya 49:14-16 Sihiyona ta yi kuka cewa an yashe ta, Allah ya amsa cewa ko uwa mai shayarwa ta manta da jaririnta shi ba zai manta ba, gama ya zana ta a tafin hannunsa. A duniya bawa ne ke ɗaukar shaidar ubangijinsa, a nan kuwa Ubangiji ne ya ɗauki shaidar bayinsa. Ko bayan tashinsa daga matattu, Yesu ya nuna wa Toma gurbin ƙusoshi. Yarinyar da ta manta sunanta, akwai wanda bai manta da shi ba.

Abu na ƙarshe, cinikin mutane bai ƙare ba. Masu safarar 'yan mata zuwa Libiya suna ratsa iyakarmu da Nijar da alkawarin aikin ƙarya. Tun daga 2015 ake kiyaye ranar rasuwar Bakhita a matsayin ranar addu'a domin waɗanda aka yi safararsu. Iyaye da fastoci, mu sa ido a kan 'ya'yanmu. Ubangiji ya kiyaye mu cikin madawwamiyar ƙaunarsa. Amin.